Birkin Gado

"Matsa, Inna. Riƙe. Kar ki saki sai na ɗaure notin."

Tun hantsi Gado ke tsugune gaban babur yana fitar da iska daga birki, mahaifiyarsa na matsa masa hannun birkin. Ya ƙara mai, ya sake tiyo, birki ya ƙi kamawa. Gobe za a fara yankan riɗi a Basunda, bakin iyaka, inda yayansa Kamal ya tafi bara bai dawo ba. In bai isa yau ba, wani za a ɗauka aikin a madadinsa.

Ya ɗago zai share gumi, sai ya ga hannunta. Tun kafin ya ɗaure take saki, iska ta koma.

"Haba, Inna!"

Ba ta dube shi ba.

"Na Kamal ma ni na riƙe masa, har ya gyaru."