Rufin Aji Uku

Rubutun Salamatu na farko a Tuwita ba wanda ya gan shi sai ita da ƙanwarta Rumaisa, wadda ta buɗe mata shafin.

Hoton rufin aji uku ne a wata firamare da ke hanyar Kwandere. Iska ta yaye rabin kwanon tun bara, katakon da ya rage kuma gara ta mai da shi wurin walima. A ƙarƙashin hoton ta rubuta, cikin ladabin daɗaɗɗiyar ma'aikaciyar gwamnati, cewa ana roƙon hukumomin da abin ya shafa su duba. Hukumomin da abin ya shafa, kamar kullum, abin bai shafe su ba.

Ga damina ta kunno kai. A makon jiya wani katako ya rufto tsakanin benci biyu yara na tsaka da karatu. Allah ya tsare, amma ba kullum ake kwana a gado ba.

Rumaisa ta gama digiri, ta gama bautar ƙasa, yanzu babu ofishin da take zuwa sai wayarta. Ta karanta rubutun ta taɓe baki.

"Anti, wannan ai takardar neman hutu ce. Ba mai jin haushin kwano. Ki ba su mutum."

"Wane irin mutum?"

"Wanda za su zaga. Sai an fara zagi manya ke farkawa."

Manya dai ba sa zaguwa. Kowannensu yana da rundunar samari masu data da ke tsaye a kansa, kuma mai cin albashin gwamnati in ya taɓa na sama, ko da sunan aro ne, sai an tono shi. Salamatu ta duba sama ta duba ƙasa. Mutum ɗaya ce a cikin zancen nan ba ta da ubangida: shugabar makarantar.

Ta sauya wa shafin suna zuwa Uwar Aji Uku, ta sa hoton bokitin tarar ruwa a wurin fuska. Sannan ta ɗora hoton silin mai kyau, fanka na juyawa a jikinsa, ta rubuta: "Ɗaki ɗaya ne ba ya yoyo a makarantar nan. Ku canki wa ke zama a ciki."

"Anti, kin san abin da kike yi kuwa?"

"Ke dai nuna min inda ake dannawa."

Kafin la'asar garin Lafiya ya ɗauka. Mutanen da ko a taswira ba su san Kwandere ba suka zama masana ilimin firamare. Wani Tavershima ya rubuta, "Wannan mata ba shi da tsoron Allah, abeg a cire shi." Wani daga Abuja ya rantse ya ga benen da ta gina. Wata ta ce ita da idonta ta gan ta a sabuwar mota. Salamatu ta san a keke napep matar ke zuwa aiki, amma ba ta gyara wa kowa ba.

Ta koyi sana'ar da sauri. A taƙaita. A ƙare da tambaya. A saki rubutu da hantsi, lokacin da ma'aikata suka isa ofis suka rasa abin yi.

Sai ga Malam Sha'aibu, malamin aji ukun kansa, ya shigo da sunansa na gaskiya zai ɓata miya. Ya ce ku ji tsoron Allah, matar nan takalminta ya cinye a hanyar ofisoshi saboda rufin nan, shi shaida ne. Mutane suka fara sassautowa. Wasu har suka ce to ashe a yi mata uzuri.

Salamatu ta ga wutar na shirin mutuwa, katako kuma yana nan a kan yara. Sai ta amsa masa: "Malam, in ka gama kare uwar ɗakinka, ka zo ka tallafe rufin da hannu."

Aka yi masa caa har ya goge rubutunsa. Washegari da suka haɗu a harabar makarantar ya gaishe ta da ladabi kamar yadda ya saba, idonsa jajir. Ranar ba ta iya cin abinci ba.

Daga nan wani gidan rediyo ya ɗauki maganar. Motocin da suka shekara ba su gane hanyar makarantar ba suka gano ta da safiya ɗaya, da kafintoci, da sabon kwano, da mai ɗaukar hoto. Wani oga ya gyara babbar riga ya shaida wa kyamara cewa hankalinsa ya tashi matuƙa, don yau ya fara jin labarin nan, ba wanda ya taɓa kawo masa rahoto. Saboda haka an dakatar da shugabar makarantar bisa laifin sakaci.

Ruwan farko ya sauka ranar Litinin. Salamatu ta tsaya a baranda tana jin yadda yake dukan sabon kwanon, yara a ciki suna ta karatu da ƙarfi, ba wanda ya ja bencinsa gefe. Wayarta sai rawa take a hannunta, saƙonni na ta shigowa. Uwar Aji Uku ta yi nasara. Allah ya ƙara tona asirin irin matar nan. Wace makaranta ce ta gaba?

Ta kashe wayar ta jefa a jaka. Sannan ta ciro makullan ofishin nan mai fanka, ta miƙa wa mutumin da aka turo ya maye gurbinta.