Alawar Kwakwar da Ta Ƙi Kamawa

Tunda ka ce ba sai ka tambayi kowa ba, abin da ka gani da idonka ya ishe ka, to gyara zama ka ji misalin wata mata.

Matar nan tana da maƙwabciya, wata dattijuwa da duk unguwa aka sallama wa wajen alawar kwakwa. Tata sheƙi take yi, ka gutsura ta karye ƙaras, ga wani ɗan tsami can ƙarƙashin zaƙin da ke hana ta ginsar mutum. Ta sauran mata kuwa da ta huce sai sukarin ya koma gari, ka tauna kamar kana cin yashi. To amma su biyun ba sa ga-maciji tun wata damina da suka yi cacar baki a kan ruwan kwata. Da bikin 'yar matar ya matso, ta ci alwashin ita da hannunta za ta yi alawar kwakwar da za a sa a gara, kuma da yake Allah ya yi ta da baki, kafin a ce me ta cika dangin ango da labarin za su ci abin da ba su taɓa ci ba. Tambaya kuwa ta fi ƙarfinta. Ita ce za ta je ta durƙusa wa wadda suka yi musayar baƙar magana? Sai ta sa ido a tsagar katanga. Ta ga dattijuwar ta gurza kwakwa, ta ɗora sukari da ruwa a wuta, ta jawo faranti cike da lemun tsami tana yankawa. Daidai nan akuya ta faɗa madafar mai leƙen, ta tafi kora. Da ta dawo, ba ta tarar da komai ba sai tulin ɓawon lemo a matse. Ta yi murmushi, ta ce a ranta ashe iyakar sirrin ke nan.

Ranar kai gara ta tashi da ƙarfinta. Ta riga ta kwashe kwakwar da ke wajen mai sayarwa kaf, motar da ke kawowa daga kudu kuma sai wata kasuwar. Alkaki da nakiya da dubulan duk suna cikin kwallayensu, kwalla ɗaya ce kawai ke jira babu komai, kuma da la'asar za a ɗauka. Sukari ya tafasa, ta matse lemo faranti guda a ciki, ta dubi girman tukunyarta ta ƙara wani. Ta zuba kwakwa ta tuƙa, ƙamshi ya cika gida, matan da suka zo taya aiki suna ta sa albarka. Ta juye a faifan ƙarfe da ta shafa wa mai, ta koma gefe tana jira ta kama. Shiru. Ta taɓa da yatsa, abu ya biyo ta yana zare kamar zuma. Ta ɗauko mafici ta yi ta fifita har hannunta ya gaji, alawa na nan jiya i yau. Ta mayar da ita tukunya ta ƙara sukari. Aka kira azahar. Ta sake juyewa, ta sake jira, ta ƙi. Matan da ɗazu ke yabo suka koma kallon juna, ƙanwarta ta matso ta ce a hankali, "Yaya, a fara ɗaure kwallayen?" Ba ta ko dube ta ba. Tsoro ya riga ya kama ta sosai, gumi na shiga mata ido, ta tura itace ta ƙara wuta wai ko zafi ne bai isa ba. Nan gindin tukunya ya kama, kwakwar da ke fara tas ta yi ja, ta yi baƙi, ƙauri ya tsallaka katanga.

Sai a lokacin ta yafa mayafi ta bi ta ƙofar da ta daɗe tana ƙin bi. Dattijuwar ta amsa sallama, ta ji bayani, ta girgiza kai ta ce, "Haba 'yar nan! Ɓari ɗaya nake ɗigawa, don kada sukari ya koma gari. In ya yi yawa ko kwana za ki yi ba ta kamawa. Sauran da kika gani malam maigidana ne ke fama da mura, na haɗa masa da zuma. Na ga idonki a tsagar katanga ran nan. Da ta ƙofa kika shigo, wallahi da ni zan tuƙa miki. Akwai sauran kwakwa?" Babu ko ɓari. Haka aka ɗauki gara, kwallar nan aka bar ta a kife. A gidan ango gwaggonsa ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya tana buɗewa a gaban jama'a, da ta kai ƙarshe ta ɗaga kai ta ce, "To, ina alawar kwakwar da aka hana mu barci da labarinta?" Amarya tana ɗaki tana ji, ta sunkuyar da kai tana hawaye, kuma har ta yi 'ya'ya a gidan ba a daina yi mata wannan tambayar ba.

Ido ya nuna wa matar nan lemo, bai gaya mata nawa ake sawa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.