Zaman Benci

Jar kibiya ta sake bayyana kusa da ɗan wasan, sai gaban mai aski ya faɗi. Makin ɗan wasan ya ƙara zubewa.

A wasan ƙwallon kwamfuta da yake bugawa a talabijin ɗin shagonsa, shi ne koci. Ɗan wasan kuwa shi ya ƙera shi da siffar ƙanensa, har da tabon gira. Tun ranar da ƙanen ya karye a filin ƙwallo, ya dasa na cikin talabijin a benci, inda babu mai taka masa ƙafa.

"Yaya, me ya sami mutuminka?" in ji ƙanen, yana shigowa ba ko ɗingishi.

"Ina lallaɓa shi kamar ƙwai, amma kullum lalacewa yake yi."

"Ai a fili ake samun maki. In ka bar shi zaune, zai tsufa bai zama kowa ba." Allon yake kallo, ba yayansa ba.

Likita ya daɗe da cewa ƙafar ƙanen ta warke, mai aski ne kullum da "bari sai wani watan". Har yanzu yana jin ƙarar ƙashin nan a kunnensa.

Ya durƙusa, ya jawo kwalin tawul daga ƙarƙashin kujera, ya zaro takalman ƙwallon ƙanen, waɗanda ya ce masa sun ɓata.

"Ka ɗaure igiyar da kyau," ya ce. "Kuma kada ka gaya mini ranar wasan."