Tafintar Baba

Su biyu ne a ƙasar da ba tasu ba, Baba da 'yarsa Auta. Baba direban bas ne, ba shi da dangi a garin, ga ciwon haƙori ya hana shi tauna.

"Auta, raka ni wurin likitar haƙori. Yarensu ba ya shiga kunnena, ke za ki yi min tafinta."

"Baba, to fasinjojinka fa?"

"Da hannu muke magana, sarkin tambaya."

Da suka shiga ɗakin likitar, aka rufe ƙofa. Kujera ta kwanta da Baba, fitila ta haske masa fuska, ga ƙarafuna jere a tire. Babu hanyar gudu. Ya damƙe hannun Auta har yatsunta suka yi zafi.

Likita ta ɗauko allura, ta ce wa Auta ta jira a waje.

Kafin Auta ta fassara, Baba ya amsa da yaren garin, babu ko gargada: "Don Allah ki bar min ita. Tsoro nake ji."

Auta ta matso, ta ƙara riƙe shi. Ta gane ba bakinta Baba yake bukata ba, hannunta ne.