Tulun Zumar Auta

Kai da kake cewa shekara ashirin rabonka da majami'a, wai ceton da ka karɓa kana saurayi ya riga ya lalace, gyara zama, ɗan'uwa, in ba ka misali.

An yi wani tsoho a ƙauyen gindin dutse, sana'arsa amya. A zamanin nan ɗorawa ta cika daji, kowace da amya biyu ko uku a rataye, ƙudan zuma na ta kai da kawowa, ƙanshin fure har cikin gida. Zuma ce ta gaske, ba ruwan sukarin nan da ake ɗura mana a kwalba a tasha ba. Autan tsohon, wanda gemu ya fara tsiro masa, shi ke bin uban wurin ɗiba. Wata rana aka bar masa aikin shi kaɗai. Da ya gama yi wa ƙudan hayaƙi, sai ya yar da damin ciyawar da wutarsa, bai taka ya kashe ba, ga shi kuwa rani ya yi nisa. Kafin a ce kwabo daji ya kama. Amya goma sha ɗaya suka ƙone ƙurmus, guda ɗaya tak ta tsira. Wahalar uban ta shekaru ta tafi a yini guda. Auta bai jira ya ji abin da uban zai ce ba, shi ya yanke wa kansa hukunci, ya kama hanyar kurmi ko sallama babu.

Shekara talatin da biyu yana can yana ƙwadago a gonakin mutane. Duk lokacin da ya ji ƙanshin hayaƙin ciyawa sai gida ya faɗo masa a rai, ya tuna muryar uban tana rera waƙar yabo a gindin ɗorawa, amma kunya ta hana shi ko aika gaisuwa. Labarin rasuwar tsohon ya iske shi, ya yi kukansa a ɓoye, bai zo ba. Ana nan sai gyambo ya kama shi a ƙwauri, ya ƙi jin magani, har aka fara yi masa zancen yanke ƙafa. Wata tsohuwa ta ce ya nemi zuma mai kyau wadda ta daɗe. Ina zai samu in ba gida ba? Ya taho yana ɗingishi, ba da sunan ɗan gida ba, don a ganinsa wannan suna ya ƙone tare da amya. Nufinsa ya roƙi ɗan cokali ɗaya wurin wanda bai san shi ba, ya juya.

Kaito, garin da ya bari ba shi ya tarar ba. An sare ɗorawa an yi gawayi, ko amya ɗaya babu a dajin, duk wanda ya yi wa zancen zuma sai ya yi masa dariya. Ƙafa ta kai shi ƙofar gidansu ba da sonsa ba. Yayarsa tana tsakar gida tana tsince wake, kanta ya yi fari fat. Ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Auta, sai yau?" Da ta ga ƙafar, ta ɗauki fartanya ta nufi gindin tsohon rumbu, ta tona, ta fito da tulu, bakinsa rufe da kasko an liƙe da kaki da laka. Ashe al'adar tsohon ce duk ɗiba ya ware wa kowane ɗa rabonsa. Amyar nan da ta tsira, zumarta gaba ɗaya ya juye a tulun, ya binne da hannunsa, ya ce ta auta ce, ko zai shekara nawa. An yi yunwa sau biyu a garin, babu wanda ya taɓa.

Auta ya ce ai ta lalace tuntuni. Yayar ta fasa lakar. Zuma ta yi baƙi, ta yi kauri, ƙanshinta ya cika gidan, ko tsami babu. Mutumin nan da furfurarsa ya zauna a ƙasa yana kuka, don ya gane tun ranar da ya gudu an riga an yafe masa, shi ne dai bai tsaya ya ji ba. Aka yi ta wanke gyambon ana shafa masa, kafin wata biyu ya taka ƙafarsa ya tafi sujada, sai tabo kawai.

To, ɗan'uwa, ceton nan ba kai ka haɗa shi ba, ba kuma a hannunka aka ba da ajiyarsa ba, balle ka ce sakacinka ya ɓata shi. Yesu Almasihu ne ya gama aikin a kan gicciye, Uba ya rufe ya ajiye da sunanka, shi kuwa ba ya mantuwa, ba ya ta da alkawari. Kai ne ka yi nisa. Daina wannan ɗingishi a bakin ƙofa, ka shigo. Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.