Kunun Ayar Cikin Tulu

Tunda ka ce farashi ke nuna darajar kaya, saurari wannan misali. An yi wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar kayan yaji, wanda aka san shi da kaifin harshe: in ya ɗanɗana miya sai ya faɗa maka garin da aka noma barkononta. Wata shekara 'yan kasuwar suka ɗora masa zaɓen wanda zai riƙa kawo abin shan buɗa-baki a masallacinsu har azumi ya ƙare, aikin da zai ciyar da gida guda. Masu nema suka jeru da kwalabe masu sheƙi da ƙanƙara. Yana kurɓa yana turewa, wannan sukari ya kashe shi, wancan ƙamshin kanti ne kawai. Can ƙarshen layi ga wata mata da tulu, wadda ke sayar da kunun aya a bakin tasha, irin wanda 'yan dako ke sha don arha. Har ya miƙe zai tafi, sai kunya ta kama shi, ya karɓi ludayi ɗaya.

Ya riƙe kunun a baki, bai haɗiye ba. Gardin aya ne ya fara zuwa, zaƙin dabino ya biyo shi a hankali, maiƙon kwakwa ya kwantar da su, citta ta ɗan taɓa maƙogwaro ta wuce. Babu wanda ya danne wani. A ƙarƙashinsu kuma akwai wani sanyin ƙamshi kamar ƙasa bayan ruwan farkon damina, wanda shekara arba'in a kasuwa ba su koya masa sunansa ba. Ya koma ya zauna. Da ya tambaye ta sirrin kunun, sai ta ce, "Baba, ƙananan aya ne da fasasshen dabinon da masu kaya ke warewa. Saiwar jema, ciyawar nan mai ƙamshi, nake kwanarwa a ruwan, kuma ba na haɗawa sai na ɗanɗana kowanne, don kullum halinsu daban." Dattijon ya daɗe yana duban tulun yana tasbihi, yana mamakin yadda abin da kasuwa ta yar ya gagari harshensa. Ita ya ba aikin, kuma a wannan azumin har daga wasu unguwanni ake zuwa shan ruwa a masallacin.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.