Igiyar Magini

Gajimare ya haɗiye jirgin feshin fara bayan sun wuce Gazawa. Ba sama, ba ƙasa, sai fari fat.

"Yasin, allurar nan ta nuna mun karkata hagu," in ji Magaji, malamin gona da ke zaune bayansa.

"Ni ban ji mun karkata ba."

A makarantar koyon tuƙin jirgi an sha gaya masa: in ka shiga gajimare kada ka yarda da jikinka, agogon jirgi za ka bi. Bai manta ba. Amma agogo na lalacewa, shi kuwa yana da wata shaida.

Igiyar mahaifinsa magini ce rataye gabansa, mai dalma a baki. Shekara arba'in tsohon yana auna bango da ita a Gidan Rumji. Ranar da ya ba shi ita ya ce, "Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Inda ta nuna, nan ne ƙasa."

"Dube ta, Magaji. Miƙe take sambal. Agogon ne ya mutu."

Sai gajimaren ya yaye.

Gonakin geron Cadawa na jikin tagar hagu, tsaye kamar bango, suna juyawa, har ana ganin zangarniya. Nan Yasin ya gane: jirgin da ke kewayawa yana ruɗin dalma yadda yake ruɗin mutum.

Magaji ya fara kalmar shahada.

Igiyar na nan miƙe, ko motsi ba ta yi ba.